Zakaran Ƙeƙuwa da Ɗoɗɗoya: Saƙo ga Bawana Bahaɗeje

Bawana Bahaɗeje, gaisuwa irin wadda ubangida kan yi wa yaronsa. Ina fatan taɓon ƙafarka ya bushe, ina kuma fatan uwargida na nan da haƙurin da ta saba yi da kai. Ka gaishe ta da kyau, don duk gidan nan ita kaɗai nake jin nauyi.

Magana ba ta kwana a hanya. An kawo mini har gida cewa ranar ɗaurin auren nan na Kano, da ka ga na tashi zuwa alwala, sai ka gyara zaman babbar rigarka ta aro, ka shaida wa jama'a cewa tsarabar Bakatsine ciyawa ce. Wai na taso tun daga Katsina, na ratsa Kano, na wuce Ringim, na ƙona mai, duk don in kawo maka haki a gwangwanin madara. Wai ku a wajenku Turawa ke tasowa daga bangon duniya da madubin hangen nesa rataye a wuya su zo kallon tsuntsu, amma tun da aka gina Gobarau ba a taɓa jin wanda ya hau jirgi ya zo Katsina kallon ganye ba. An ce an yi dariya. Na yarda an yi, don Bakano ba ya ƙin dariya matuƙar ba a ce ya biya ba.

To ga amsa a rubuce, yadda ba za ka ce iska ta kwashe ba. In karatun ya yi maka tsawo ka ba yara su karanta maka.

Mu fara da tsuntsun da ka fi tinƙaho da shi, wanda ka ja ni har Baturiya don in gani, wato zakaran ƙeƙuwa. Sunan kaɗai ya isa shaida a gaban alƙali. Ƙeƙuwa ita ce busasshiyar ƙasar nan mai tauri da ko fartanya ka sara sai ta yi tsalle ta dawo maka, ƙasar da ba ta fid da gero, ba ta fid da dawa, magada ma ba sa rigima a kanta. A nan Bahaushe ya naɗa shi sarauta. Zakarancin nasa kuma na jeka-na-yi-ka ne. Zakaran kirki yana da aiki ɗaya, ya yi cara da asuba a tashi salla. Naka ba shi da agogo. Da hantsi ihu, da azahar ihu, tsakar dare in farin wata ya fito ya ɗauka gari ya waye ya hana kowa barci. Larabawa da suka gaji da shi sai suka sa wa danginsa suna da kukansu, suka ce zaƙzaƙ. Ba zan ja wannan zancen ba kada Zage-zagi su ɗauka da su nake, su Kanawa ne iyayen gidansu, ba na shiga gonar wani.

Ado kam yana da shi, ba na hana shi. Baƙar hula ya ja ta har gira, baƙar 'yar ciki daga maƙogwaro zuwa ƙirji, kumatu da gefen wuya fari tas kamar wanda ya yafa sabon tawul, baya kalar ƙasa, ido ja kamar gauta. Sai ƙafafu, dogaye, baƙaƙe, sirara kamar tsinken tsire. Duk tsawonsa bai cika santimita 30 ba, nauyinsa bai kai giram 200 ba, in ka fige shi abin da zai rage ba zai ƙosar da mage ba. Amma ka ga tsayuwarsa a bakin ruwa, kai a cushe tsakanin kafaɗu, fuska a murtuke, sai ka rantse kogin gaba ɗaya bashi yake bin sa. Tafiyarsa kuwa, ya sheƙa taku huɗu ya tsaya cak, ya sunkuya ya tsinci ƙwaro, ya sake sheƙawa ya sake tsayawa, kamar yaron da aka aika ya manta saƙo. Na daɗe ina tunanin inda na san wannan tafiya. Sai da na gan ka a tashar Haɗeja kana neman motar Nguru na tuna.

Ka ba jama'a labarin gwangwanina, amma ba ka ba su labarin hulata ba. To ni zan ba su.

Ƙarshen watan Maris ne, ruwa ya ja baya, fadama ta fara tsattsagewa. Ka sa ni a kwalekwalen da ke shan ruwa ta ƙasa, ka miƙo mini ƙoƙo ka ce in riƙa kwalfewa, wai haka kuke karrama baƙo. Muka sauka a wani tsibirin laka da ya bushe, sawun shanu ya daskare a kansa. Ban yi taku ashirin ba na ji ƙara a bayana kamar ana buga ƙarfe da ƙarfe. Kafin in waiga wani abu ya wuce ta saman kunnena, iskarsa ta taɓa ni. Na biyu ya zo ta gaba, daidai goshina, ban san lokacin da na durƙusa ba. Hulata zanna, sabuwa dal, wadda na saya don sallah, ta gangara ta faɗa cikin ragowar taɓo da bakinta ƙasa. Kai kuma kana gefe ka riƙe ciki, hawaye na zuba, kana cewa ga Bakatsine ya yi sujada ba alwala. Sai da ka gama ka nuna mini abin da na kusa takawa. Wani ɗan gurbi ne da bai fi tafin hannu ba, an ɗan tone ƙasa an zagaye da tsakuwa da busasshen kashin shanu, ƙwai huɗu a ciki, kalar ƙasa-ƙasa da ɗigon baƙi, duk sun juya tsininsu ciki sun haɗa kai. Ina tsaye a kansu amma sai da ka sa yatsa na gane su. Ba rufi, ba danga, ba inuwa, a kan hanyar shanu. Wannan shi ne gidan da zakaranka ya gina wa iyalinsa, ya kuma tsaya yana yi wa duniya ihu kada a taka. Tsuntsun da ya kira ruwa ai shi ruwa kan doka. In da ya yi shiru da na wuce abina ban san da zamansa ba.

A nan ne ka yi mini bayanin ƙayar, kana yi kana kumbura kamar kai ka dasa masa ita. Gaskiya ne, a gaɓar kowane fiffikensa akwai 'yar baƙar ƙaya mai tsini, da ita yake kai wa shirwa da hankaka da kare sara in sun matso. Dinya ma tana da irinta, kuma ba ta tara wa kowa jama'a a kai.

Yanzu bari in ba ka abin da ba ka sani ba game da ɗan garinku, kyauta, don mu Katsinawa ilimi a wurinmu sadaka ne. Wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa, wani Bagirke marubucin tarihi mai suna Hirodotas ya rubuta labarin ƙasar Masar. A ciki ya ce idan kada ya fito daga kogin Nilu ya kwanta ya wangame baki, akwai wani ɗan tsuntsu da ke shiga ciki ya tsince masa matsattsaku, kadan kuma ba ya taɓa shi saboda jin daɗin aikin. Tun daga nan labarin ya bi duniya, aka sa shi a littattafan yara, aka yi ta zana hoton tsuntsu yana yi wa kada sakace. Masana suka yi ta muhawarar wane tsuntsu ake nufi, kuma cikin biyun da aka fi nunawa har da zakaranka. Sai dai fa an shekara fiye da 2,400 ana jira, an ƙirƙiro kyamara, an ƙirƙiro bidiyo, kowa ya riƙe waya mai ɗaukar hoto, har yau ba a samu tabbataccen hoton da ya kama shi a bakin aikin ba. Ya ci suna a kan aikin da ba wanda ya ga ya yi. Da na karanta wannan sai na tuna labarin giwan ruwan da ka ce ka kama shekarar da aka yi babbar ambaliya, wanda wai sai da mutum huɗu suka ɗauka, wanda kuma aka cinye kafin mai hoto ya iso.

Batun Turawa kuma, a nan ne ka fi ba ni tausayi. E, suna zuwa. An fara aikin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru tun 1987, a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar na dausayoyin da duniya ta damu da su, wuri na farko a Nijeriya da ya samu haka, Baturiya ta bi baya a 2008. Duk na sani, ban musa ba. Amma wa ya ce maka zakaran ƙeƙuwa suke zuwa gani? Shi ai yana ko'ina, daga Senegal har Habasha, ya bi Nilu har Masar, har Turkiyya da Girka ana samunsa. A bakin dam ɗin Ajiwa ma muna da shi, ba mu dai mayar da shi abin labari ba. Waɗanda ake zuwa ƙirgawa baƙi ne, masu tasowa daga arewacin Turai da Saibiriya in sanyi ya kore su, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka a fadamarku. Wato masu madubin nan 'yan garinsu suka biyo su ga yadda suka kwana. Ko Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, da ya zo a 1989, Dagona ya nufa, ƙasar Bade. Ban ji an ce ya tsaya ya tambayi gidanku ba.

Cikin baƙin nan akwai wasu 'yan bakin ruwa da ka nuna mini suna tashi dubbai kamar hayaƙi daga gonar shinkafa, masu launin toka-toka, ba wani abin kallo. Ka san yadda mazansu suke a garinsu? In lokacin aure ya yi sai gashi ya fito musu a wuya, ya buɗe kamar an naɗa wa mutum rawani an ɗora alkyabba, wani fari, wani baƙi, wani ja, da wuya ka ga biyu iri ɗaya. Su taru a dandali suna tsalle suna baje ado, mata na zagayawa suna zaɓe. In an gama biki sai su tuɓe kayan su ajiye, su sa tsumma su taho Haɗeja cin shinkafarku. Ko tsuntsu ya san inda ake yi wa kwalliya.

To mu dawo kan ciyawata.

Ɗoɗɗoya sunanta, bawana, ka maimaita har bakinka ya saba. Ka je ka duba wadda na kawo, in ba ka riga ka kashe ta ba. Ka kama karan da yatsu biyu ka juya, za ka ji yana da kusurwa huɗu, ba mulmulalle ba ne kamar na sauran tsiro, alamar gidansu ke nan ita da na'ana'a. Ganyen bibbiyu suke fitowa, suna fuskantar juna, na sama su gicciye na ƙasa, cikin tsari kamar zaman fada. Tana tsaye ba ka jin komai. Ba ta kira ka ba, ba ta tare maka hanya ba. Sai ka tsinki ganye ɗaya ka murza. A jikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkunan mai da ido ba ya gani sosai, murzar ce ke fasa su, nan take ƙamshi ya cika maka hannu, ya bi ka har cikin ɗaki, ka wanke hannu ka dawo yana nan. A wani irin nata man da ke ciki shi ne wanda masana ke kira yujinol, wanda ke ba kanumfari ƙamshinsa, shi ya sa wani lokaci za ka ji kamar an jefa kanumfari a tukunya alhali ba a jefa ba. Halin Bakatsine ke nan. Yana zaune da kunyarsa da kararsa, sai an taɓa shi a san abin da ke ciki. Na san abin da za ka ce, za ka ce in an murza Bakatsine ashar ke fita. Wannan sharrin maƙiya ne, kuma ko da gaskiya ne, tamu a tsare take fita, da kari da amsa-amo.

Ka tambayi dangi kuma. Yarbawa na ce mata efirin, ba sa farfesu ba ita. Inyamurai na ce mata ncanwu. 'Yar'uwarta mai laushin ganye ita Larabawa ke kira raihan, kalmar da ta zo a Alƙur'ani a Suratur Rahman da Suratul Waƙi'a, daga nan ne kuma muka samu sunan Raihanatu da muke sa wa 'ya'yanmu. Ka zagaya Haɗeja ƙofa-ƙofa ka nemo mini yarinya ɗaya da aka raɗa wa Ƙeƙuwa, zan ba ka goron sunan. Girkawa, mutanen Hirodotas ɗin nan, suna ce mata basilikon, ma'anarsa ta sarauta. A Italiya, mutanen birnin Janowa kan daka ta a turmi da tafarnuwa da cuku da man zaitun su kwaɓa taliya, sun kuma yi suna da haka a duniya. A Indiya akwai wata 'yar ɗakinsu da ake kira tulsi, Hindu kan gina mata ɗan dandamali a tsakar gida, a yi mata ban-ruwa kowace safiya. Ka ce ba wanda ya hau jirgi ya zo kallonta. Me zai kawo shi, tana bayan ɗakin girkinsa? Abin da ake so a gida ake ajiye shi. Wanda ake tsayawa daga nesa a leƙa da madubi, ka tambayi kanka dalilin da ya sa ba a matsowa.

Aikinta kuwa ba sai an jira Bagirke ya rubuta ba, kowace tsohuwa shaida ce. Mura ta kama yaro, a tafasa ta a lulluɓe shi da zane ya yi sirace. Ciki ya murɗa, a dafa a sha. Da magariba a jefa busasshiyarta a garwashi hayaƙin ya rage sauro, kuma in akwai garin da ya kamata ya naɗa wa maganin sauro sarauta a ƙasar Hausa, kai ka san garin. Daren da na kwana gidanku sai da na ji sauro biyu na shawara a kan gidan sauron, ɗaya na cewa mu ci shi a nan, ɗaya na cewa mu kai wa manya.

Amma duk wannan shimfiɗa ce. Ga inda nake son jama'ar ɗaurin auren nan su kasa kunne.

Da muka dawo daga Baturiya, ni ba hula, kai ba kunya, uwargida ta kawo mana farfesun tarwaɗa a kwanon sha mai murfi. Aka buɗe, tururi ya tashi. Ka lumshe ido ka shaƙa, ka ce in ji ƙamshin kifin Haɗeja, wai kifinku shi kaɗai ne a duniya ba ya ƙarni, wai ruwanku ne ke sa masa ƙamshi tun yana ciki, wai ba irin na dam ɗinmu ba da sai an toshe hanci. Ka yi lacca ta kusan minti goma, romo na hucewa. Ni dai na sa cokali na juya. Ga citta, ga masoro, ga attaruhu, sai ga wasu 'yan korayen ganye da suka yi laushi suna yawo a saman romon. Na ɗebo ɗaya na ɗora a bakin kwano, na ɗaga murya na tambayi uwargida daga bayan labule mene ne wannan. Ta ce ɗoɗɗoya ce mana. Na ce ta gwangwanina ce? Ta ce a'a, ai wannan ba ta yi ƙwarin da za a tsinka ba, tata ce da ke gindin randa tun shekarar da aka kawo ta gidan. Ta ce ba ta taɓa dafa maka kifi ba ita ba, sai ta sauke tukunya take yayyaga ta da hannu ta watsa ta rufe, don in ta daɗe a wuta ƙamshin guduwa yake. Na ce shekara nawa ke nan? Ta ce ashirin da ɗoriya.

Shekara ashirin da ɗoriya, bawana. Kullum kana wuce ta in za ka ɗebi ruwan alwala, ta kai maka ƙugu, ka ɗauka ciyawa ce da aka yi ƙyuiyar cirewa. Kullum kana shan aikinta kana yaba wa kogi. Ita ta yi aikin, kifi ya karɓi yabo, kai ka karɓi na kifin ka kai kasuwa. Ban ga abin da ya raba ka da mai yi wa kada sakace ba. Abin da ka ce a lokacin shi ne a ƙaro tuwo, kuma ban ji ka ba mutanen Kano wannan ɓangaren ba.

Don kada a ce Bakatsine ya yi shari'a da ido ɗaya, zan faɗi aibin tawa. Raguwa ce. Kwana biyu ba ruwa sai ta langaɓe kamar amaryar da aka yi wa faɗa. Hunturu in ya yi tsanani ganyenta ya ƙanƙance. Ka yanka ta da wuƙa mai dakushi ta yi baƙi don fushi. Ba ta zuwa ko'ina, inda aka dasa ta nan za ta tsufa, gindin randa ko bakin magudanar wanke-wanke, kuma in ba a riƙa tsinke mata kai ba sai ta yi fure ta zubar da iri ta daina ganyen kirki. Ka ce haka muke, sai da lallashi da ɗan ƙwanƙwasa. Wannan na bar maka, ka ci riba.

Zakaranka kuma, ranar nan bayan ka tafi neman mai kwalekwale, na zauna nesa a gindin wata giyayya na yi ta kallonsa, kuma zan faɗi abin da na gani ko da zai sa ka kumbura. Rana ta take, ƙasar nan ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Ɗayansu ya tsaya a kan ƙwan ya ɗan buɗe fukafukai ya yi musu inuwa, baki a buɗe yana haki. Ɗayan ya tafi bakin ruwa ya tsoma cikinsa har gashin ya jiƙe, ya dawo ya karɓi wurin ya kwanta a kansu. Haka suke yi, mace da namiji, karɓa-karɓa, sama da mako uku kafin a ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma ranar da suka fito ranar suke bin iyaye da ƙafarsu. Can garken shanu ya doso. Abin nan da bai kai giram 200 ba ya tsaya gaban bijimi ya ware fukafukai yana ihu, bai matsa ba, har bijimin ya karkata ya bi gefe, sauran suka bi shi. Na ce a raina, wannan kam Bahaɗeje ne. Mutanen da a watan Afrilun 1906 aka zo musu da igwa suka ƙi miƙa wuya, Sarki Muhammadu ya tsaya har ya faɗi a cikin garinsa, ba za a ce tsuntsunsu ya yi gadon banza ba. Na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran zan maimaita a gaban mutane.

Abin da ya dame ni, kuma a nan na ajiye wasa, shi ne ciyawar kacalla. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar da kan zo da ƙarfi ta wanke hanyoyin ruwa ta tafi ta ragu, sai ruwa kaɗan-kaɗan da ba ya yankewa duk shekara, abin da kacalla ke so ke nan. Ta toshe mashigai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu gamawa da shinkafa da gero. Na ga inda ka ce da can fili ne fetal ana hango ƙetare, yanzu duhu ne ya fi tsayin mutum. Tsuntsun da ba ya son komai sai buɗaɗɗen bakin ruwa da 'yar ƙeƙuwar da zai aza ƙwai, ina zai sa kansa a cikin wannan? Ga ciyawar da ta cancanci bakinka, ka bar ta ka zo kana zagin ta gwangwani. In kana neman wanda za ka yi wa ihu tsakar dare, ka tara 'yan'uwanka ku yi wa masu sakin ruwa da masu alkawarin yashe kogi, zan zo in taya ku, daga kan tudu.

Saura lissafi. Cika-ciki na tafe, kuma ka san abin da ke kan bawa ranar goma ga Muharram. Kuɗin sharar bana ba na son su a takarda. Kwando ɗaya na bandar tarwaɗa, manya, ba irin ƙananan da kuke ɓoyewa a ƙasa ku rufe da uku masu kyau a sama ba. Ganyen da za a dafa su da shi kada ka damu, muna da shi. Ta gwangwanin kuma ka miƙa wa uwargida ta dasa kusa da tata, kai kada ka taɓa, na san ka, kan ƙeƙuwa za ka kai ta ka tsaya kana mata ihu ta girma.

Sai hulata. Zanna ce, mai ruwan toka da zaren shuɗi, lamba 23. Kada ka auna da kanka, zai ba ka 19.